Mai Farar Kafaɗa a Gonar Kawu

Ta waya na fara jin kukan. Wata safiya cikin watan Disamba kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni daga gonarsa a Nasarawan Doya don ya ji yadda yayarsa ta kwana, domin ta yi fama da ciwon ƙafa a makon. Muna cikin gaisuwa sai wani sauti ya ratso ta bayan muryarsa: wata 'yar siririyar ƙara guda ɗaya, sannan wata mai kaushi sau uku ko huɗu a jere, kamar ana goga zarto a busasshen ice. Na ce, "Kawu, don Allah ɗan dakata. Wane tsuntsu ne yake kuka kusa da kai?" Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, muna saurare tare, shi a gona ni a Zariya. Tsuntsun bai sake ba. Can sai Kawu ya ce, "Ɗana, tsuntsayen nan ai sun fi a ƙirga. In kana son sanin ko wanne ne, sai ka tako da ƙafarka. Ka ma daɗe ba ka leƙo mu ba."

Gaskiya ya faɗa, na daɗe. Amma abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne kukan. Shekara huɗu ke nan ina fita duban tsuntsaye a gefen Samaru da Shika da bakin kogin Kubanni, kuma akwai wani ɗan tsuntsu da nake nema ban taɓa dacewa da shi ba. Baƙi ne wuluk mai sheƙi, tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, yana da farin tambari babba a kafaɗar fiffikensa, ƙwayar idonsa kuma rawaya ce mai haske. Masana suna kiransa Melaniparus guineensis, sunan da ya samo asali daga bayanin da wani Bature mai suna Shelley ya yi a kansa a shekarar 1900. Ana samunsa tun daga Senegal har zuwa Habasha, a cikin dajin da ke da manyan itatuwa tsilli-tsilli da ciyawa a ƙarƙashinsu. Ni a littafina mai farar kafaɗa nake rubuta shi. Na saurari kukansa ba adadi a Xeno-canto, wani rumbun intanet da wasu 'yan ƙasar Holan suka buɗe a 2005 inda mutane daga ko'ina suke ajiye kukan tsuntsayen da suka naɗa. Abin da na ji a wayar Kawu ya yi kama da shi ƙwarai.

Wannan tsuntsu ɗan dangi ne babba. 'Yan'uwansa na Turai suna zuwa har bakin taga su ci gyaɗa a lokacin sanyi, na Amurka kuwa ana ce musu cikadi, kuma daga kukansu aka ciro sunan, domin in suka buɗe baki abin da kunne yake ji shi ne "cika-di-di-di". Mu ma Hausawa mun san wannan hanya ta raɗa suna, tunda yaro ma yakan kwaikwayi kukan tsuntsu kafin ya san sunansa. Dangin nan duk halinsu ɗaya: ƙanana ne, ba sa zama wuri guda, suna iya rataya a reshe kai a ƙasa suna tsintar ƙwari a bayan ganye, kuma galibinsu a kogon itace suke yin sheƙa. Kunne yakan riga ido samunsu.

Sai da aka shiga Janairu na samu hutun kwana uku. Na hau mota a Kwangila da hantsi, hazo ya rufe gari har rana ta zama kamar farin faifai a sama. Hanyar Kano a wannan lokaci ta rake ce. Manyan motoci sun yi lodi har ya fi ƙarfin bodinsu, ƙananan akori-kura na biye da su, a bakin titi kuma an jingina dami-dami ana ciniki. Duk wanda ya san ƙasar Makarfi da Kudan ya san rake ne arzikinta na rani, kamar yadda tumatir yake ga mutanen Ikara. Na sauka a Tashar Yari, inda ɗan Kawu yake jirana da babur, muka ƙarasa gida ƙura na bin mu.

Ba a fara maganar tsuntsu ba sai da aka gama ta mutane. Na shiga cikin gida na gaida matan Kawu, aka tambayi jikin Hajiya mahaifiyata, aka tambayi yara, aka kawo fura. Bayan la'asar Kawu ya ce in ɗauko madubin hangen nesan nan nawa mu je wurin mai unguwa. Ya ce, "Zamani ya canja. Baƙo ya shiga gonakin mutane da asuba yana leƙe-leƙe da wannan abu, dole a yi tambaya, kuma suna da gaskiya in sun yi." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma shawarar da zan ba duk mai son wannan aiki ke nan: ya fara da ƙofar mai gari kafin ya nufi daji.

Mun samu mai unguwa a zaure tare da liman da wasu dattawa biyu. Na durƙusa na kwashi gaisuwa. Ya karɓi madubin ya jujjuya shi, ya ce, "Gwamnati ce ta aiko ka?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, sha'awa ce kawai, sai kuma ɗan taimako ga masu bincike." Na yi musu bayanin cewa a Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma daga can ake tafiyar da wani aiki na zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida a kan taswira, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji, yana iya ci gaba har kwana biyar, sannan ya tura ta waya. Ƙasar nan tana da irin tsuntsaye fiye da 900, kuma ba yadda za a san wanne ke raguwa sai an san inda kowanne yake yau.

Liman ne ya warware zancen. Ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, domin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya binciki rundunar tsuntsayensa har ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambayi inda yake. Ya ce shugaban da ya san ɗan ƙaramin tsuntsu ya ɓace daga cikin dubbai, shi ne shugaban da ya san jama'arsa. Mai unguwa ya miƙo mini madubina ya ce, "Je ka, Allah ya ba da sa'a. Amma ka nemi Baba na wajen injin rake. Duk garin nan ba wanda ya kai shi sanin daji."

Washegari ban nemi Baba ba, na fita ni kaɗai bayan sallar asuba, ina ganin zan iya. Sanyi yana ratsa riga biyu. Na bi hanyar fadama, na fara rubutu tun gari bai gama wayewa ba. Fakara ce ta fara, daga cikin karan dawa da aka tara, da muryarta mai kama da ana kankare ƙwarya. Kurciyoyi suka biyo. Hasbiya biyu suka wuce sama, balbelu suka sauka bayan garken wani Bafulatani, hankaka yana kan kuka yana jiran rabonsa. A bakin rake na tarar da tarin mulufi, amma duk sun tuɓe jar rigar damina sun koma ruwan ƙasa, ba mai cewa su ne masu ƙyallin nan na watan Agusta. Shamuwa babu ita, tana can kudancin Afirka sai ruwa ya kusa. A madadinta akwai baƙi daga Turai, ƙananan tsuntsaye masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu, waɗanda suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara don su yi hunturu a fadamun nan. Kafin ƙarfe tara na rubuta iri 31.

Wajen ƙarfe goma na ji wata ƙara mai kaushi daga wata ɗorawa, gabana ya faɗi. Na lallaɓa na zagaya, na ɗaga madubi, sai ga baƙin tsuntsu a reshe. Amma wutsiyarsa doguwa ce mai baki biyu kamar almakashi, idonsa ja, kafaɗarsa ba ko ɗigon fari. Wannan shi ne wanda masana ke kira dirongo, gwanin kwaikwayon muryar wasu. A hamadar Kalahari an tabbatar danginsa sukan yi kukan gargaɗi na ƙarya don wasu dabbobi su tsorata su yar da abincinsu, su kuma su sure. Na tsaya na dube shi da kyau, domin shi ma abin kallo ne, amma na koma gida jikina a sanyaye. Na fara tunanin ko shi ne na ji a wayar Kawu.

Da yamma na tafi wajen injin rake. Tun daga nesa ƙamshin ruwan rake mai tafasa yake tarar mutum. Matasa suna tura sanduna cikin injin, ruwan yana gangarawa cikin mazubi, wasu suna juya shi a manyan kasake a kan wutar busasshiyar tuka har ya yi kauri ya yi ja, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Baba yana zaune gefe a kan buhu, tsoho ne siriri mai farin gemu, idonsa ɗaya ya yi yana. A ƙuruciyarsa maharbi ne. Na gaishe shi, na faɗi ɗan wane ne ni, ya tambayi mahaifiyata da sunan da ake kiranta tana yarinya. Sannan na kunna masa kukan a waya.

Bai ce komai ba sai da ya sa na maimaita sau uku, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Ɗan baƙin nan ne mai farin ƙyalle a kafaɗa. Mai lilo da ƙafa. Ba ya tafiya shi kaɗai, da ayari yake zuwa." Na ji tsigar jikina ta tashi, domin abin da littattafai suka rubuta ke nan: yakan yi yawo bibbiyu ko 'yan kaɗan, sau da yawa cikin garken ƙananan tsuntsaye iri-iri masu bin itatuwa suna kiwo tare. Baba bai taɓa buɗe littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma ba, wanda yake cikin jakata a lokacin, amma siffa uku da ya ba ni duk suna ciki.

Ya tambaye ni inda na bi da safe, na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Ka tafi fadama neman tsuntsun tudu. Kuma an ce mini tafiya kake ta yi kamar mai bin bashi. Yaro, tsuntsu ba a binsa, jiransa ake yi. Gobe ka zo mu tafi tare."

A daren na daɗe ina tunanin wannan tsoho. A shekarun 1960 wani malami a Jami'ar Ahmadu Bello mai suna Hilary Fry ya yi nazarin tsuntsayen ƙasar Zazzau ya rubuta jerinsu, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya a 1964. Aikinsa yana nan a ajiye, duk mai bukata zai iya nemowa ya karanta. A daidai waɗannan shekaru Baba yana saurayi yana kwana a daji, yana koyon muryoyin tsuntsayen nan ɗaya bayan ɗaya. Nasa ilimin ba a rubuta shi ko'ina ba, kuma jikokinsa da na gani a wajen injin hankalinsu yana kan babur da waya. Wannan abu yana damuna, kuma ina ganin laifin namu ne mu da muka yi boko, da muke ɗaukar jakar littattafai mu wuce irin su Baba a bakin hanya ba mu tsaya ba.

Da asuba muka fita mu uku, da shi da Kawu da ni. Baba yana gaba da sandarsa, ba ya sauri. Ba ya ɗaga kai sama ko kaɗan, kunne kawai yake karkatawa. "Cilakowa," in ji shi, kafin ni in ji komai, sai can ga siririn fito yana sauka daga nesa. "Ragon maza, yana cikin rake." "Maƙwaƙƙwafi, a busasshen reshen can." Muka bar fadama a hagu muka hau tudu, muka ratsa gonakin da aka girbe, inda ba abin da ya rage sai kututturen dawa da dalbejiya jefi-jefi. Ya nuna da sanda ya ce lokacin yana yaro daga nan har inda ido ya tsaya doka ce da marke da kirya, mutum yakan yi tafiya mai nisa a inuwa. Yanzu sai ka ƙirga manyan itatuwan da yatsu.

Ƙarshen gonar Kawu akwai wani ɗan kwari da ruwa yake bi da damina. Saboda duwatsu garma ba ta shiga, don haka aka bar shi. A nan akwai kaɗanya huɗu tsofaffi, da marke biyu, da wata kanya, da tsamiya guda mai faɗin kai, da 'yan taramniya a ƙarƙashi. Duka wurin bai fi filin ƙwallo ba. Kawu ya ce a gindin tsamiyar nan yake tsaye ranar da ya kira ni. Baba ya share wuri ya zauna, ya ce mu ma mu zauna, kada wanda ya yi magana.

Mun fi minti arba'in a zaune. Da farko sanyi kawai nake ji da ƙafata da ta fara sagewa. A hankali sai kunnena ya fara rarrabe abin da da yake dunƙule: motar da ke wucewa can nesa daban, iskar da ke kaɗa busassun 'ya'yan marke daban, ƙudan zuma a furen kaɗanya daban. Rana ta ɗan taso ta bugi kan itatuwan. Sai wani fito ya tashi daga cikin kanya, yana hawa mataki-mataki, fi-fi-fi-fi, yana ƙara ƙarfi, ya ɗan tsaya, sannan ya dawo da dogayen fito masu gangarowa. Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ƙaramar mujiya. Yanzu za ka ga aiki."

Na san wannan mujiya. Ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, tana farauta har da rana, kuma a ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu masu kama da idanu. Ƙananan tsuntsaye sun tsane ta domin tana cin su, kuma da zarar sun ji ta sai su taru a kanta su yi ta yi mata tsawa har ta bar wurin. Ba a yi minti biyu ba kanyar ta cika. Masu shan fure masu dogon baki suka zo, da wasu 'yan kore-kore masu farin zobe a ido, da 'yan shuɗin ciki masu jan kumatu, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Hayaniya ta kaure kamar kasuwa ta ci.

A tsakiyar wannan hayaniya na ji shi. Siririyar ƙara guda, sannan mai kaushin nan, zarto a busasshen ice. Ba daga kanya ya fito ba, daga marken dama ne, kuma yana matsowa. Wani ya amsa daga tsamiya. Na dubi Baba, na tarar ya riga ya ɗaga yatsa yana nuna marken, fuskarsa tana kallon ƙasa. A wannan lokaci ban ga komai ba tukuna, amma na tabbata. Muryar dirongo ta jiya tana da ƙarfe-ƙarfe a ciki kuma tana canjawa kowane lokaci. Wannan kuwa tsarinta ɗaya ne, siriri sannan kaushi, siriri sannan kaushi, abin da kawai yake sauyawa shi ne yawan kaushin. Da suna nesa sau biyu ko uku suke yi. Da suka iso kan mujiyar sai na ƙirga har bakwai a numfashi ɗaya.

Wannan ya tuna mini da wani bincike da Christopher Templeton da Erick Greene da Kate Davis suka wallafa a mujallar Science a 2005. Sun nuna wa cikadin Amurka maharan tsuntsaye iri-iri a jihar Montana, suka naɗi kukansu, suka gano cewa yawan "di" da ke ƙarshen kukan yana ƙaruwa gwargwadon haɗarin maharin. Babbar mujiya mai nauyin jiki, wadda ba ta iya kama ɗan ƙaramin tsuntsu a cikin rassa, "di" kaɗan take samu. Ƙaramar mujiya mai saurin juyi ita ce take samun mai yawa, kuma sauran tsuntsaye suna fahimta, su taru da yawa. Ga ni zaune a kwarin gonar kawuna a ƙasar Makarfi, ɗan'uwan wancan tsuntsu yana yi wa wata ƙaramar mujiyar irin wannan tsawa.

Sai da mujiyar ta gaji ta tashi, ta yi ƙasa-ƙasa ta bar kwarin, sannan na gan shi. Ya fito ƙarshen wani reshen marke, rana tana dukansa. Baƙinsa har shuɗi-shuɗi yake yi, farin kafaɗar kuwa kamar an ɗora masa auduga. Ya juyo, na ga rawayan idon sarai, wanda shi ne yake raba shi da wani ɗan'uwansa mai duhun ido da ke gabashi da kudancin Afirka, wanda a da ake ɗaukarsu iri ɗaya. Sai ya saki jiki ya rataya kai a ƙasa, ya ciro wata tsutsa daga bayan ganye, ya koma kan reshe ya danne ta da ƙafa yana fizga. Na miƙa wa Kawu madubin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ikon Allah. Shekara nawa ina noma a nan." Na miƙa wa Baba, ya ture hannuna. Ya ce shi ya riga ya gan shi tun ɗazu.

Uku ne, ba biyu ba. Bayan hankalinsu ya kwanta sai ɗaya ya sauya murya, ya yi wani fito mai daɗi, gajere, yana maimaitawa, wanda ba zan taɓa cewa daga bakin mai zarton nan ya fito ba in da ban gani da idona ba. Na naɗi duka biyun a waya. Muka bi su da ido suna tsallakawa daga marke zuwa kaɗanya, ayarin sauran tsuntsayen yana biye, har ɗaya ya tsaya a jikin kaɗanyar da ta fi tsufa, ya leƙa wani rami da ke sama da tsayin mutum biyu, ya shiga, ya fito, ya wuce.

Wannan ramin shi ne bayanin duk wahalar da na sha shekara huɗu. Tsuntsun nan yana bukatar kogo, ko wanda ruɓa ta yi a inda reshe ya karye, ko wanda maƙwaƙƙwafi ya haƙa ya bari. Itace ba ya yin irin wannan kogo sai ya tsufa. Dalbejiya da mangwaro da muke dasawa suna ba da inuwa, amma ba su maye gurbin tsohuwar kaɗanya ko marke ba, wajen kogo da wajen irin ƙwarin da ke rayuwa a jikinsu. Wuraren da nake zuwa a gefen Zariya yawancin tsofaffin itatuwansu sun tafi. A littafi ba a lissafa mai farar kafaɗa cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, domin ƙasar da yake zaune tana da faɗi. Amma a ƙasar noma irin tamu, inda gona take haɗe da gona, ya koma sai a irin wannan ɗan kwari da garma ta kasa shiga.

A hanyar komawa Kawu ya faɗa mini abin da bai faɗa ba tun zuwana. Wani mai gawayi ya zo sau biyu yana taya marken nan biyu da tsohuwar kaɗanyar, tunda ta rage 'ya'ya. Kuɗin da ya taya zai sayi taki buhu da wani abu. Ban iya ce masa komai ba nan take, domin na san abin da buhun taki yake nufi ga manomi, kuma na san inda gawayin yake zuwa. Gidana a Zariya ma ana dafa abinci da shi duk lokacin da gas ya yi tsada. Ba zan zauna a birni ina hura wuta da itacen ƙauye sannan in zo in yi wa mai itacen wa'azi ba.

Baba ne ya yi magana. Ya ce wa Kawu, "Kaɗanyar nan kakarka ta tsinci ƙwara a gindinta, na gani da idona. In ka sayar, kuɗin ba zai kai kaka ba." Kawu bai amsa ba, ya ci gaba da tafiya hannunsa a baya. Da muka kusa gari na ce masa, "Kawu, in don taki ne, ka bar mini na bana, zan aiko kafin ruwa ya sauka." Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Saboda tsuntsu?" Na ce, "Saboda tsuntsu, da kuma Hajiya. In ta samu sauƙi ina so in kawo ta ta zauna a gindin kaɗanyar kakarta." Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Da la'asar na zauna a ƙofar gida na tura jerin sunayen, iri 47 cikin kwana biyu, mai farar kafaɗa ne na 44. Wani jikan Kawu ɗan shekara goma sha ɗaya ya zauna kusa da ni yana leƙen wayar, ya ce in kunna masa kukan. Na kunna sau biyu. A na uku ya riga wayar, ya yi shi da bakinsa, siriri sannan kaushi, har Kawu ya leƙo daga zaure. Na yaga masa takardu daga littafina na ba shi biro, na ce duk ranar da ya bi kakansa gona ya zauna a gindin tsamiya ya duba ramin nan, in ya ga tsuntsun yana shiga da abu a baki ya rubuta ranar. Na kuma roƙe shi ya riƙa zuwa wajen Baba da yamma, duk sunan tsuntsun da tsohon ya faɗa ya rubuta, da yadda yake kuka.

Washegari da safe ɗan Kawu ya ɗaura mini rake sanda shida da mazarƙwaila cikin leda don Hajiya, na biya ta wajen injin na yi wa Baba sallama. Ya riƙe hannuna ya ce in dawo farkon damina, lokacin da daji yake buɗe baki gaba ɗaya, kuma in zo da batir mai yawa, domin akwai muryoyin da yake so a naɗa tun yana iya gane masu su.